Ranar da Kaka Ta Ce Ita Za Ta Hau Tirela

Akwai abubuwa da yawa na shekarun karatuna da yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Maganar tayoyin tirelar mahaifina ba ta cikinsu. Wannan kam, ko na tsufa na fara neman tabarau alhali yana kan hancina, ba na jin za ta fita daga kaina.

Kafin in shiga labarin sai na faɗi yadda nake da mahaifina, don in ba haka ba mai karatu zai ce ai magana ɗaya ta isa ta kashe zancen. Ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Talata Mafara, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini. Abu biyu ke nan suka haɗu a kaina. Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake zaune, ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana son a aike ni, sai ya ce wa ƙanena, “Ka ce ma wancan ya tai kasuwa,” ko da kuwa wancan ɗin yana tsaye a gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma a gidanmu an riƙe ta da ƙarfi. A ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, aka yaye ni, a can na girma. Ita kuwa tunda sunan mijinta gare ni, ba ta kirana sai da “maigida,” kuma ba ranar da za ta wuce ba ta tsokane ni a kan kuɗin cefanen da ban taɓa ba ta ba.

Ni ma halina ya taimaka wa al'adar. Ba ni da yawan magana. In an tara mutum uku a wuri, ni ne na huɗun da ba a san yana nan ba. Abin da na iya shi ne karatu, kuma ba littafi kaɗai ba. Duk abin da aka yi wa rubutu sai na karanta shi: kwalin magani, buhun taki, gwangwanin madara, har ƙaramin rubutun da ke ƙasan kalanda. A lokacin ina jami'a ina karatun injiniyancin kayan noma, na dawo gida hutu a tsakiyar bazara.

Baba fataucin shanu yake yi, kamar yadda ya gada, amma yana da gonar shinkafar rani a wajen Bakura. Kowace shekara in an yi yanka an casa, sai a shiga rigimar motar da za ta kwaso buhuna. Direba ya yi alkawarin safiya, ya zo bayan la'asar, ko ma ya kashe waya. A shekarun nan kuwa kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya. Shekarar da nake ba da labari Baba ya gaji. Ya je wajen wani mai walda ya sa aka ƙera masa tirela. Ba irin doguwar nan da ke kai shanu Kudu ba, ƙarama ce mai ƙafa biyu da za a maƙala a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa. Aka shafe ta da koren fenti. Baba ya ce kowa ya kira ta tirela. Kaka ta leƙo ta dube ta, ta ce ita dai amalanke take gani wanda aka hana shanu.

Ranar da aka kawo ta ƙofar gida, unguwa ta taru. Abin da ya fi ɗaukar ido tayoyin ne. Baƙi wuluk, suna sheƙi kamar takalmin ango. Baba ya ce 'yan Beljiyam ne, wato na hannu da aka shigo da su daga Turai, ya same su da sauƙi wajen wani mai taya a bakin tasha. Duk wanda ya zo sai ya sa ƙafa ya doki taya, ya saurari ƙarar, ya gyaɗa kai ya ce, “Wagga kam ta yi.” A garinmu haka ake gwajin taya, kamar yadda ake ƙwanƙwasa kankana. Baffa, ƙanen Baba wanda shi ke tuƙa motar, ya doki tasa har sau biyu don a san shi ne direba.

Ni ina can gefe. Sai da mutane suka watse na je na tsuguna, don na hango rubutu a jikin tayar, kuma na faɗa muku ciwona. Sa'ar da aka yi, a zangon da ya wuce wani malaminmu ya taɓa fitar da mu wajen ajiye motoci, ya sa mu tsuguna a rana muna karanta gefen tayoyin malamai. Mun yi ta gunaguni a ranar. Yanzu ga amfaninsa ya zo har ƙofar gidanmu.

Na share man da aka shafa wa tayar da gefen hannuna, na fara karantawa. Da farko dai tayoyin ƙaramar mota ne, irin wadda ke ɗaukar mutum biyar da jakunkunansu. Kowace taya akwai iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kuma a rubuce yake a jikinta. Da na haɗa na biyun, na cire nauyin ƙarfen tirelar kanta, sai na ga abin da ya rage bai kai buhu goma ba. Baba kuwa na ji shi da kunnena yana cewa lodi ɗaya zai kwashe gonar. Na koma ɗaya gefen, na tarar ma ba girmansu ɗaya ba, ta hagu ta ɗan fi ta dama tsawo, shi ya sa tirelar ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Na nemo lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar da aka yi taya. Ɗaya ta girmi ƙanwata da ke firamare, ɗayar kuma ta kusa shiga sakandare. Kuma a jikin ta dama akwai hoton ɗan dutse da ƙanƙara a ciki, alamar an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Ga ta an kawo ta Mafara a watan da kwalta ke narkewa.

Da shinkafa kaɗai ce, da wataƙila na haɗiye maganar. Amma a wajenmu ba a kwaso amfanin gona haka kawai. In an gama lodi, masu aiki da yaran gida su ke hawa saman buhuna, a taho ana waƙa ana ɗaga wa mutane hannu. Ƙannena tun a daren jiya suke faɗa a kan wanda zai zauna a gaba. Na tsaya ina kallon tayar nan, ina ganin ƙaramar ƙanwata a can sama, ƙafafunta na lilo, mota na gudu a kan kwalta mai zafi. In taya ɗaya ta fashe, tirela mai ƙafa biyu ba ta da abin da zai riƙe ta, kifewa za ta yi. Kuma jibi ne tafiyar.

Na fara gwada Baffa, tunda da shi ina iya magana. Na same shi yana wanke gilashi, na yi masa bayani a hankali. Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi, sannan ya ce, “Ɗan boko, taya dai baƙa ce kuma zagayayya. In tana da iska, tahiya ta kai. Kai ka taɓa tuƙa ko keke ba ka hwaɗi ba?” Gaskiya ne na taɓa faɗuwa da keke a gabansa, don haka na bar shi da wankin gilashinsa. Mahaifiyata kuwa ita ma kunyar ɗan fari take yi. Da na tsaya a ƙofar ɗakinta na fara, sai ta juya wa tukunya fuska ta ce wa iska, “A gaya ma tsohuwa mana.”

Na tarar da Kaka a inuwar ɗakinta tana tsinke zogale. Na zauna na sa hannu ina taya ta, abin da ban saba yi ba. Ta dube ni ta gefen ido.

“Maigida, mi kaka so? Kai ba ka taɓa aiki banza.”

Na rasa ta inda zan ɓullo mata da maganar lambobi, sai na ɗauko jaki. Na ce mata kowane jaki da irin kayan da yake iya ɗauka, in an ɗora masa na raƙumi zai durƙushe. Na ce tayoyin nan jakai ne, tsofaffi kuma, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, an shafa musu mai don su yi kyau a kasuwa.

Wannan ta gane shi nan take, don ta auri ɗan kasuwar dabbobi ta kuma haifi wani. Ta ajiye zogalen.

“Irin tsohuwar saniyar da aka ɗura ma ruwa da kanwa ran kasuwa?”

“Ita fa, Kaka.”

“Kuma bisanta za a aza min jikoki?”

Na ce eh.

“To ka gaya mishi mana.”

Na sunkuyar da kai. Ta yi tsaki mai tsawo. “Ku biyun ga kun ishe ni. Uba da ɗa kamar surukai. Bari shi zo gaisuwa da sahe.”

Kowace safiya bayan an dawo masallaci Baba yakan shigo ya gaida Kaka, ni kuma da na ji gyaran muryarsa nake sulalewa ta bayan ɗaki. Ran nan ina yunƙurawa na ji an riƙe mini gefen riga. Kaka ce, kuma riƙon ba na wasa ba ne. Dole na koma na zauna a bakin gado. Baba ya yi sallama ya shigo, ya gan ni, ya ɗan yi turus, sannan ya durƙusa yana fuskantar bango. Aka shiga gaisuwa. An kwana lahiya, ya gajiya, ya zahi, ya ƙahwar, ya iyali, ya dabbobi, har sai da aka tambayi lafiyar tunkiyar da ta haihu.

Da aka gama, Kaka ta gyara zama ta ce, “Maigidana ya ce tayoyin da kas sawo gawa ne.”

Wallahi ban ce gawa ba. Na buɗe baki in gyara, ta take mini ƙafa.

Baba ya ce wa bangon, “Inna, ki ce mishi tun ba a haihe shi ba nike shiga mota.”

Ta juyo wajena, kamar ban ji ba. “Ka jiya. Wai kai jariri ne, ba ka san komi ba.”

“Kaka, ki ce ba raini ba ne. A jikin tayar aka rubuta nauyin da za ta ɗauka, kuma bai kai buhu goma ba.”

Ta juya. “Ya ce ko buhun ƙaiƙayi ba ta ɗauka.”

“Inna, ki ce mishi mutum sama da goma sun duba tayar ga jiya, kowa ya ce ta yi.”

“Ya ce kai kaɗai ne mai ido a garin ga?”

Haka aka yi ta yi. Tsakanina da Baba bai fi taku biyu ba, kowa na jin kowa sarai, amma kowace magana sai ta bi ta bakin Kaka, kuma ba ta fitowa sai an zuba mata barkono. Na yi maganar shekaru, ta ce wai na ce tayar sa'arta ce. Na yi maganar alamar ƙanƙara, ta tafa hannu ta ce, “Ashe ma baƙuwa ce! Ta saba da sanyi ka kawo ta Mahwara, ko ni da aka haifa nan zuhwa nika yi.” Na lura kafaɗar Baba ta ɗan motsa, ina jin dariya ce yake dannewa. Amma bai sauko ba. Ya riga ya nuna wa duk unguwa tayoyin nan, ya faɗi yadda ya yi ciniki mai kyau. Mutumin da sana'arsa ita ce gane dabba da kallo ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne a ce an shafa masa mai a ido. A ƙarshe ya ce shi dai tayoyinsa lafiyayyu ne, kuma da yardar Allah gobe za a kwaso shinkafa. Ya yunƙura zai tashi.

Sai Kaka ta ce, “To madalla. Tunda lahiyayyu ne, da ni za a tai.”

Baba ya koma ya durƙusa. “Ina, Inna?”

“Bakura. Rabona da gonar ga tun mahaihinka na da rai. In ga shinkahwa, in sha iska.”

“To sai ki zamna gaba, kusa da direba.”

“A'a. Sama zan hau, bisa buhuna, inda jikokina za su zamna. A aza min tsani.”

“Inna, da girmanki? Ga rana, ga iska, ga ƙahwarki…”

“Ƙahwata ba ita za ta yi gudu ba, taya ce. Kai kac ce lahiyayya ce.”

Daga waje ana jin ƙannena suna ta gardamarsu ta wurin zama. Na saci kallon Baba, abin da ban cika yi ba, na ga yana murza hularsa a hannu. Duk wanda ya san Kaka ya san in ta ce za ta hau, to sai dai a nemo tsanin. Shi kuma na tabbata a lokacin ne ya fara ganin abin da na gani jiya: kwalta, zafi, gudu, da wanda ke zaune a sama. Tayar da ya yarda ya ɗora wa shinkafa, da ya sa mahaifiyarsa a kai sai ya ji bai yarda da ita ba. Kaka kuwa ta ɗauki carbinta tana ja, kamar ba ita ta yi maganar ba.

Can ya sa hularsa ya miƙe. Daga bakin ƙofa ya ce, “Inna, ki ce mishi shi sa takalminshi.”

Ranar ce farkon shigata gaban mota tare da mahaifina. Baffa na tuƙi, Baba na bakin taga, ni a tsakiya giya na dukan gwiwata, tirelar na biye da mu a baya. Kafaɗata na gogar tasa, kowa ya ƙura wa hanya ido kamar an ce za ta gudu. Yanzu Baffa ne ya gaji aikin Kaka, sai dai shi bai iya ƙari ba, dariya kawai yake yi.

Mai tayar ya tarbe mu da fara'a, ya shimfiɗa benci, ya aika a kawo ruwan sanyi. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya dafa ƙirji. “Haba Alhaji! Wagga taya Turawa sunka hau ta, kuma ka san hanyarsu kamar tabarma take. Ba ta san rami ba sai da taz zo nan.” Baba ya nuna ni da haɓa. Duk ido ya dawo kaina. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya, amma da na tsuguna na ɗora yatsa a kan lambobin sai na ji ta daidaita, don karatu ne, kuma a nan ba na jin tsoron kowa. Na nuna nauyin, na nuna shekarun, na nuna bambancin girman. Mai tayar ya ce shi a dunƙule yake sarowa, ba ya bin rubutu. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

Muka shiga cikin shagon, na yi ta juya tayoyi ina karantawa har rigata ta yi baƙi. Na ware biyu sababbi, irin na motocin ɗaukar kaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Da yake sun fi na da girma, dole aka nemo musu wasu wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, da suka dace da su da kuma gatarin tirelar, ƙarfen da ke riƙe ƙafafunta. Da aka faɗi kuɗin, hannun Baba ya shiga aljihu ya daɗe bai fito ba. Mai tayar ya ce a bar masa tsofaffin ya rage wani abu. Na raɗa wa Baffa cewa in an bar su, gobe wani zai saya ya ɗora wa nasa 'ya'yan. Baffa ya maimaita da ƙarfi. Baba ya yi ƙwafa, ya ce a jefa su bayan mota yadda suke, da wilinsu da komai.

Wajen ɗaurawa ma sai da aka sha fama. Na ce a ja tirelar zuwa inda ƙasa take a daidaice kafin a sa jak, a kuma tokare ɗaya ƙafar da dutse. Na ce a fara ɗaura notuna da hannu, sannan a bi su da sifana ana tsallakawa, wannan sai na gabansa, ba a bi su a jere ba, don wilin ya zauna daidai. Baffa ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai zai yi tsalle, yadda ya saba. Na ce masa in ya wuce ƙima zaren notin ne zai lalace. Ya sauko yana cewa, “Yau na ga ikon Allah, an hana ni motsa jiki.” Da aka zo iska, mai faci ya sa ƙafa zai doka, na roƙe shi ya ɗauko geji, ma'aunin iskar taya. Sai da ya tona wani akwati kafin ya samo shi. Baba na zaune a benci yana kallon wani wuri daban, amma na san ba abin da ya wuce shi.

Akwai sauran magana ɗaya, wadda ta fi duka ɗaci, kuma ita ma ta bakin Kaka ta bi da muka koma gida. Ko da sababbin tayoyin, shinkafar sai an yi mata sawu biyu, kuma ba wanda zai hau saman buhuna. Baba ya ce tunda an fara sai a ƙarasa. Ƙannena kuwa suka ɗauke mini gaisuwa. Ƙaramar ta zo har inda nake ta ce in Allah ya yarda hutuna ya ƙare gobe.

Washegari muka fita da sassafe. Da muka ɗan yi nisa da lodin farko na sa Baffa ya tsaya, muka sake bin notuna da sifana, na taɓa tayoyin na ji ɗuminsu. Muka kai gida, muka koma, muka kwaso sauran. Kafin azahar shinkafa na cikin ɗaki.

Kuma ba abin da ya faru. Ko ƙusa ba mu taka ba.

A nan ne na gane wahalar irin wannan aiki. In ka hana abu faruwa, ba ka da abin nunawa. Da yamma saƙon Baba ya iso ta hannun Kaka: wai a tambaye ni ina fashewar da aka yi ta tsoro. Baffa ya baza labari a majalisa, kafin kwana biyu yaran unguwa sun raɗa mini Malam Taya. In na wuce sai wani ya ɗaga ƙafarsa ya ce in karanta masa shekarun silifas ɗinsa. Har ni kaina na fara tunanin ko na sa mahaifina asara a banza. Wa ya sani, wataƙila da tsofaffin sun kai mu sun dawo da mu.

Tsofaffin tayoyin suna nan jingine a bayan ɗakin Kaka, kaji na hawa. Wata safiya ta ce tunda ita ta jawo aka saye su sau biyu, to a raba mata su gida biyu ta riƙa zuba wa tumakinta dusa. Baffa ya sa ƙarfe ya ɓanɓare ta daman daga wilinta, ya zaro tib ɗin. Baba, da yake ba ya yarda kowa ya taɓa masa wuƙa, ya wasa ta da kansa ya zauna a kan turmi zai yanka. Ina ɗakin Kaka ina karatu, ina hangensa ta labule.

Wuƙar ta shiga ba tare da ya danna ba. Robar ta riƙa marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, wayoyin ciki duk sun yi tsatsa. Ya buɗe tayar da hannu biyu ya leƙa, sai na ga ya tsaya cak. A gefen da ke kallon ƙarƙashin tirela akwai tsaga mai tsawon tafin hannu. An ɗinke ta da zaren roba irin na ɗinkin buhu, an liƙa guntun tib daga ciki, an cike wajen da gam an shafe da baƙi. Ni ma da na karanta duk rubutun jikinta ban ga wannan ba. Baba ya sa babban yatsa ya ɗan tura ɗinkin, yatsan ya fito ta ɗaya gefen.

Ya ɗaga kai ya dubi tsakar gida, inda ƙannena ke wasan 'yar gala-gala, ƙaramar na tsalle da ƙafa ɗaya tana rantsuwar ba ta taka layi ba. Ya daɗe yana kallonta. Na ji ya yi salati a hankali, ya goge wuƙar a gefen turmi.

Kaka ta matso da sandarta, ta leƙa, ta kama baki. Sannan ta gyara tsayuwa a tsakaninsa da ƙofar ɗaki, ta shirya karɓar saƙo. “To, mi za a ce mishi?”

Baba bai dube ta ba. Ya juyo ya fuskanci labulen da nake bayansa.

“Kai,” ya ce.

Na ɗauka da ƙanena yake. Na waiga, ba kowa a ɗakin sai ni.

“Kai hwa. Aje littahin ga, ka zo ka duba min na motar su ma.”

Ban san lokacin da na miƙe ba, har na yi tuntuɓe da buta. Muka fita ƙofar gida, na tsuguna a gaban tayar a-kori-kura, shi ma ya tattara rigarsa ya tsuguna kusa da ni. Ya ce in nuna masa inda shekarun suke. Na ɗora yatsana, ya ɗora nasa. Daga cikin gida muna jin Kaka tana faɗa wa tumakinta cewa an sallame ta daga aiki ba ko sisin sallama.

Har yau Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba na sa ran zai kira. “Kai” ɗin nan ta ishe ni. Amma tun daga ranar ba a sake sayen taya a gidanmu da dukan ƙafa ba. Shi da kansa yake tsugunawa ya share man ya nemo lambobin, kuma na ji labarin ya hana abokan fataucinsa da dama sakat a kan tayoyin motocin da ke ɗaukar musu shanu. Rabin tayar nan kuwa ba ta yi ko aikin dusa ba, don ta wajen ɗinkin take zubarwa.

Abin da na koya bai tsaya a kan roba ba, ko da yake shi ma na riƙe shi: taya ba a sayenta don sheƙi, a karanta abin da ke jikinta, a ba ta kayan da za ta iya, a ɗaura ta yadda ya kamata. Babban darasin shi ne, kunya abu ne mai kyau, kuma ban yi nadamar tashi a cikinta ba, amma in ran mutum na kan hanya, ba a shiru. In bakinka ba zai iya faɗa ba, nemi wanda nasa zai iya. Kuma duk lokacin da zan yanke hukunci a kan wani abin hawa a wajen aikina, tambayar Kaka nake yi wa kaina: zan yarda in ɗora mahaifiyata a kai? In na ji na fara murza hula, to na san amsar.